Gyaɗar da Ba Ta Koma Ba

Tun ina yarinya ake ce mini mai taurin kai, kuma ban taɓa musu ba. Abin da nake musu shi ne a ce a kan banza na yi shi. A ƙauyenmu, can tsakanin Gwarzo da Kabo, har yau idan tsofaffi suka tuna da ni sai su ce, "Ai ita ce ta bar karatu saboda ƙwayar gyaɗa ɗaya." Ba su yi ƙarya ba, ƙwaya ɗaya ce. Sai dai masu faɗar ba su ƙirga ba, ni kuwa na ƙirga.

Zamanin gyaɗa ne. Da kaka ta kama, gari duk ƙanshinta yake yi. Maza na cira, mata da yara na tsinka, a tsakar kowane gida ana ɓara har yatsu su yi kanta. Babana yakan ɗaura wa jaki mangala da asuba ya nufi fuloti a Gwarzo, inda ake auna ta a sikeli a loda a mota zuwa Kano. Innata kuwa mai take matsa, ta yi ƙuli-ƙuli, ni nake kai wa bakin hanya bayan an tashi daga makaranta.

Ina ajin ƙarshe na firamare a shekarar. Mu uku ne mata a ajin. Hedimasta da kansa yake koya mana lissafi, wani dogon mutum mai farar riga da keke, wanda rubutunsa a allo ya fi na littafi kyau. Ina son in faɗi wannan tun da wuri: ba mugu ba ne. Shi ya yi ta zarya gidanmu har Baba ya yarda a bar ni in kai ajin ƙarshe. Kowace shekara yakan rubuta sunayen ɗalibai goma da za a kai su rubuta jarrabawar wucewa gaba, wanda ya ci sai makarantar kwana a Kano. Wanda sunansa bai shiga takardar nan ba, karatunsa ya ƙare ke nan. Sunana ne na uku. Ina son tafiyar nan kamar in yi yaya. Ina son in zama malama, in riƙe alli, in sa takalmi kullum ba sai ranar Salla ba.

A makon da ya rubuta sunayen ne ya fara koya mana kashi cikin ɗari. Da ya ga mun yi tsuru-tsuru, sai ya ajiye Turanci ya dawo gida. Ya ce kashi goma cikin ɗari ai shi ne ushiri, wanda iyayenmu ke fitarwa na zakka idan an kawo dawa gida. Nan take muka gane, don babu wanda bai taɓa ganin ubansa yana ƙirga dami yana jingine na goma a gefe ba. Manomi mai buhu ɗari, in gonarsa ta ƙaru da ushiri, ya samu ɗari da goma. In ta ragu da ushiri, saura casa'in. Muka yi ta yi har ya zama wasa.

Ranar Alhamis sai ya rufe littafi ya ƙirƙiro tambaya daga kansa. Manomi ya samu buhu ɗari na gyaɗa. Shekara ta biyu ruwa ya yi ƙaranci, amfanin ya ragu da kashi goma cikin ɗari. Shekara ta uku damina ta yi kyau, abin da ya samu bara ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari. Buhu nawa ya samu?

Kowa ya rubuta ɗari. Ni na rubuta casa'in da tara.

Ya bi layi yana ba da maki da jan biro. Da ya zo kaina ya zabga mini kuros, alamar na faɗi, ya ce, "Ke ma yau barci kike yi? Abin da aka cire ai shi aka mayar."

A ranar akwai wani sabon malami, saurayi, da aka turo ya koyi aiki a wurin Hedimasta. Yana zaune a bayan aji da littafinsa a cinya. Da ba ya nan, ina jin da abin bai kai inda ya kai ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, ushirin casa'in ai tara ne."

Ya ce, "Goma aka cire, goma aka mayar. Zauna."

A garinmu akwai yadda yaro ke gyara wa babba magana. Sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Ko dai ni ne ban gane ba," ka bar masa ƙofa ya fita da mutuncinsa. Na san wannan sarai, an koya mini a gida. Amma jan kuros ɗin nan yana kallona, ga 'yan aji suna dariya ƙasa-ƙasa, zuciya ta ɗebe ni. Ina tsaye na ce, "Malam, kai ne ka yi kuskure."

Sabon malamin ya duƙar da kai yana ɗan rubutu a littafinsa, sai kuma ya sa hannu ya rufe baki. Wallahi ban sani ba ko tari ya yi ko dariya. Hedimasta dai ya gani.

Bulala shida ya yi mini a tafin hannu, ban yi kuka ba. Da ya gama ya ce, "Ranar Litinin za ki tsaya a gaban aji ki ce buhu ɗari ne. In ba haka ba, sunanki ya fita daga takarda."

Na tarar da Inna a tsakar gida tana matsar mai. Ni ce 'yar fari, mu kuma asalinmu masu shanu ne, alkunya a jininmu take. Inna ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata, ko ciwo nake yi sai dai ta sa wani ya duba ni. Saboda haka ban ba ta labari ba, kazar da ke tsattsagar ɓawon gyaɗa na ba wa, da ƙarfi yadda na kusa zai ji. Inna ba ta ɗago ba. Sai ta mulmula tunkuza ta raba biyu, ta jefa rabi cikin ƙwarya. Ta gutsuri rabin abin da ya rage a hannunta ta ɗaga shi, ita ma tana kallon kazar. Ta ce, "Kin gani ko? An cire rabi, za a mayar da rabi. Wannan ɗan mitsitsin ne zai cike gurbin wancan?" Zuciyata ta yi fari. Kafin in gama murna ta ƙara da cewa, "Amma a dubi idon malami a ce masa ya yi kuskure, wannan ba a gidan nan aka koye shi ba."

Bayan la'asar Baba ya dawo daga fuloti. Tun a hanya labari ya riske shi, ya shigo rai a ɓace ko mangala bai sauke ba.

Ya ce, "Ke har kin yi sanin da za ki ja da Malam? Mutumin da ya je Kano ya yi karatu?"

Na ɗauko faifai, na ɗebo ɓararriyar gyaɗa, na jera ta tsibi goma, kowane tsibi ƙwaya goma. Na ce, "Baba, fitar mini da ushirin wannan."

Baba mutum ne da ba ya wasa da zakka. Da wani abu na ce ya yi mini, da ya kore ni, amma ushiri sai ya tsuguna. Ya zare ɗaya daga kowane tsibi, kamar yadda yake jingine dami na goma. Ƙwaya goma a tafinsa. Na tattara sauran na sake jera su goma-goma, suka tsaya a tsibi tara.

Na ce, "To bana gona ta yi kyau. Ƙara wa wannan ushirinsa."

Ya ɗora ɗaya a kan kowane tsibi. Da ya kai na tara, ya miƙa hannu zai ɗora wa na goma, babu na goma. Ƙwaya ɗaya ta rage masa a hannu. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce na ɓoye tsibi guda. Ya hargitsa su ya sake da kansa. Sau uku ya yi. Daga nan ya ce bari ya biyo mata ta baya, a fara da ƙari tukuna. Ya ƙara wa ɗari ushiri, ta zama tsibi goma sha ɗaya. Ya zare ɗaya daga kowane tsibi, goma sha ɗaya suka fita. Ya ƙirga saura, casa'in da tara.

Ya ce, "Ikon Allah. Ta nan ma ba ta cika ba." Ya yi ta juya ƙwayar a tsakanin yatsu, can ya ce, "Ashe maganar duk ita ce, ushirin me."

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya ɗaure gyaɗar ɗari a ƙyalle, ya ce in biyo shi. Muka tarar da Hedimasta a zaurensa. Baba ya durƙusa, ni na raɓe a bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya da aiki da yara da dabbobi, aka yi batun yadda gyaɗa ta yi bana a wajen Madadi, sannan Baba ya fara kwance ƙyalle.

"Allah ya gafarta Malam, ni ban san boko ba. Wani ɗan abu ne ya ɗaure mini kai, na ce bari in kawo wa mai sani."

Hedimasta ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ba sai ka kwance ba. Casa'in da tara ne. Tun kafin a tashi jiya na gane."

Na ɗago kai da sauri, na zaci magana ta ƙare.

Ya ce, "Amma yarinyar nan ta ce mini na yi kuskure a gaban yara, a gaban malamin da nake koya wa aiki. In na bar ta, gobe wa zai saurare ni? Ta ce ɗari sau ɗaya, shi ke nan. Bayan mako biyu ni da kaina zan gyara a allo, kamar sabon darasi. Ba wanda zai cutu."

Baba ya ce, "Malam, da a ce ta ba da haƙuri a kan kalmar, a bar mata lissafinta fa?"

Na matso na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini, bakina ne ya yi kaifi." Har zuciyata na faɗa, don na san kalmar ba ta dace ba.

Ya ce, "Haƙuri daban, ɗari daban. Duka biyun nake so, kuma a gaban aji."

A hanyar gida, da muka wuce rijiya, Baba ya waiwayo. Ya ce, "Ni ban ce ki faɗa ba, ban kuma ce kada ki faɗa ba. Waɗanda suka je Kano dai sun ce akwai karatu a can." Ya kwance ƙyallen ya zaro ƙwaya ɗaya ya sa mini a hannu, ya ɗaure sauran.

Masu ba da labarina suna so a ce tun farko na kafe ko gezau ban yi ba. Ba haka aka yi ba. Asabar da Lahadi na kwashe su a bayan rumbu ina gwada faɗin ɗari. Ɗari. Buhu ɗari, Malam. Ba ta da wuyar faɗa, ko numfashi ɗaya ba ta ci. Na ce wa kaina ai ya riga ya amsa a gaban Baba, ni na yi nasara, saura kawai in biya shi da kalma ɗaya in hau mota. Ranar Litinin da na fita daga gida, da niyyar in faɗa na fita.

Bayan an gama kiran suna Hedimasta ya ce in fito. Takardar sunayen nan goma tana shimfiɗe a kan teburinsa, da biro da rula a gefenta. Sabon malamin yana wurinsa na ranar nan, ya kafa wa ƙasa ido.

Na ce, "Malam, ka yafe mini kalmar da na faɗa maka."

Ya ce, "Na yafe. Buhu nawa manomin ya samu?"

Na dubi ajin. Kowa littafinsa a buɗe, ɗari a rubuce, da jan maki a gefe. Ƙawayena biyu suna yi mini alama da ido in faɗa. Gyaɗar tana cikin hannuna, na damƙe ta har ta jiƙe da gumi. Abin da ya hana ni shi ne shi ya sani, ni na sani, ya kuma san na san ya sani. Da jahilci ne ya sa shi, da na yi masa uzuri na faɗa. Amma a ce mu biyu mun haɗa baki a kan ƙarya, ni ce kuma zan ɗauke ta a ka in kai wa yara, sai na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Casa'in da tara."

Ya ce, "Ban ji ba."

Na ce, "Casa'in da tara, Malam."

Ya sassauta murya, kamar mai roƙo, ya ce, "Ke yarinya, ki yi wa kanki tunani. Buhu nawa?"

Na buɗe hannu na nuna masa ƙwayar. Na ce, "Ɗaya ba ta koma ba, Malam. Ga ta nan."

Bai dake ni ba. Ya ɗauki rula ya daidaita a kan layi na uku, ya ja biro a hankali, layin ya fita sambal kamar duk aikinsa. A hanyar gida na jefa gyaɗar a baki na tauna ta don haushi.

Ya cika alkawarinsa. Bayan mako biyu ya shigo ya ce yau sabon darasi za a yi, ya rubuta tambayar nan a allo ya warware ta daidai, casa'in da tara. Ya nuna cewa kowane kashi ana ɗaukarsa ne daga abin da ke hannu a lokacin, ba daga abin da aka fara da shi ba. Ya ƙara da cewa in gona ta ƙaru da ushiri shekara biyu a jere, buhu ɗari ba ɗari da ashirin zai zama ba, ɗari da ashirin da ɗaya ne. Darasi mai kyau, ban taɓa jin wanda ya fi shi iya bayani ba. Ina zaune a layin gaba, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. 'Yan aji suka goge ɗarinsu suka rubuta sabuwar amsa.

Ranar da mota ta zo ɗaukar masu jarrabawa, su tara suka hau. Ina bakin hanya da farantin ƙuli a kaina, na tsaya ƙyam na kalle su har suka sha kwana, don kada a ce na ɓuya. Da na isa gida na shige bayan rumbu na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, har da birgima. Abin ya yi mini ciwo, yana kuma yi mini har yanzu. Ina cikin haka na ji an kira sunana. Inna ce. Ranar na fara jin sa a bakinta, ban kuma sake ji ba har ta rasu. Cewa kawai ta yi in zo in kama mata, mai zai ƙone.

Daga baya Hedimasta ya aiko wa Baba cewa baɗi zai mayar da sunana. Baba ya yi godiya, da ɗan aiken ya fita ya ce, "An cire ushiri za a mayar da ushiri ke nan." Kafin baɗin aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wajen Kabo. Wanda ya gaje shi ya duba rajista ya ce na riga na gama aji, babu gurbina.

Ban je Kano karatu ba. Na matsi mai, na yi aure, na haihu. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, ni aka ɗauka in koyar, na riƙe allin da nake so ko da a zauren aro ne. Duk matar da ta zauna a gabana ta fita da tambaya ɗaya a bakinta. In aka ce mata abu ya ragu da kaza ya kuma ƙaru da kaza, sai ta ce, kazan me?

Na sake ganin tsohon Hedimastan namu sau ɗaya, bayan gyaɗa ta daina tashe, fuloti ya zama filin ƙwallo. A kasuwar Garo ne. Yana zaune a rumfar wani mai tabarmi, ya tsufa ƙwarai, sanda jingine a ƙafarsa, rigar dai fara tas. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki da iyali da zaman hutu. Ya ƙura mini ido ya daɗe, sai na ga bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Buhu nawa?"

Na ce, "Casa'in da tara, Malam."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kina nan dai da halinki." Ya share ido da bakin rawani, cikin raha ya ce, "To ita ɗayar fa, ina ta shige?"

Na ce, "Ga ta durƙushe a gabanka, Malam."

Dariyar ta tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya mayar da ido kan tabarmin da ke gabansa. Na yi masa sallama yadda ya kamata a yi wa malami, na ɗauki kwandona na shiga layin masu mai.